Malam Yunusa Manu da Fiton da Ya Hana Kowa

Haihuwa da nasaba

An haifi Malam Yunusa Manu a farkon daminar shekarar 1956, wadda ta yi daidai da 1375 bayan Hijira, a wata ruga da ke gefen Maruta cikin ƙasar Gwaram, a lokacin tana ƙarƙashin lardin Kano. Sunan mahaifinsa Manu, makiyayi ɗan makiyaya, wanda ya gaji garke daga kakanni. Sunan mahaifiyarsa Hawwa, 'yar manoman Sara. Shi ne ɗa namiji tilo a cikin 'ya'ya huɗu da Allah Ya ba su, kuma ya tashi da Hausa a bakinsa, domin Fillancin gidan ya riga ya taƙaita ga sunayen shanu da gaisuwar tsofaffi.

Karatu da ƙuruciya

Ya fara karatun Alƙur'ani yana ɗan shekara biyar a wurin limamin unguwarsu, sannan a 1964 aka sa shi firamare, inda ya yi shekara huɗu kafin mahaifinsa ya janye shi zuwa kiwo. Waɗanda suka yi zamani da shi sun shaida cewa yaro ne marar yawan magana, mai kunne fiye da baki. An ce tun kafin ya balaga yana iya zama a ɗaki ya ji kukan saniya daga nesa, ya faɗi wacce ce, ya kuma faɗi ko ɗanta take nema ko ƙishi ne ya dame ta. Ƙannensa mata kan tsokane shi cewa ya fi sanin dangin shanu a kan danginsa na jini, kuma ba a taɓa jin ya musa ba.

Satar garken Manu

A shekarar 1971 ne abin da ya tsara sauran rayuwarsa ya auku. Manu yana da wani kira na musamman da yake yi wa shanunsa, dogon kira mai lanƙwasa wanda duk yankin aka san shi da shi, kuma ba ya ɓoye shi, hasali ma alfahari yake yi da shi. Shekara biyu kafin nan ya saukar da wani baƙo, magidanci mai ladabi da ya ce daga gabas ya fito, ya ba shi bukka da abinci a bisa al'adar karamci. Ranar da Manu ya tafi kasuwar Sara, da rana tsaka, baƙon ya tsallaka rafi ya tsaya a ɗaya gaɓar, ya yi kiran nan da murya irin ta Manu sak. Yunusa, mai shekara goma sha biyar, yana tsaye a tsakiyar garken da sandarsa lokacin da shanu tamanin da huɗu suka ɗaga kai, suka ratsa ta gefensa ɗaya bayan ɗaya, suka shiga ruwa. Bai ankara da cewa ba mahaifinsa ne ya dawo ba sai da ƙurar ta lafa. Ba a sake ganin ko saniya ɗaya ba, kuma Manu ya rasu a shekarar da ta biyo baya, yana ɗan kiwon awakin wasu.

Daga wannan rana Yunusa ya ƙudurta a ransa cewa duk abin da kunnen ɗan Adam ya ji, bakinsa zai iya sacewa. Wannan aƙida ce ya riƙe shekara hamsin, ita ta tsare masa dukiya, ita kuma ta jefa iyalinsa cikin halin da za a zo kansa.

Aikin dabbobi

A 1977 ya samu aiki a matsayin mataimakin malamin dabbobi a Birnin Kudu, yana zagaya rugage a kan keke domin rigakafi. Ya yi shekara goma sha ɗaya a wannan aiki, ya ga annobar cutar bushiya ta 1983 da idonsa, ya binne shanun mutane fiye da yadda zai iya tunawa. A wannan zamani ne ya fara rubuta abin da yake lura da shi a cikin ƙananan littattafai, wani wuri da boko wani wuri da ajami, kuma goma sha huɗu daga cikinsu suna hannun iyalinsa har yau.

A cikinsu ya rubuta cewa saniya kan haddace muryar ɗanta cikin 'yan kwanaki, ta ware ta daga muryoyin maruƙa hamsin. Ya rubuta cewa maraƙi ba a haife shi da sanin ciyawa mai guba ba, kallon abin da uwarsa ta tsallake yake yi, don haka marayan maraƙi ne ya fi saurin mutuwa a sabon wuri. Ya kuma rubuta cewa kowane garke yana da uwa, tsohuwar saniya wadda ba ita ce mafi ƙarfi ba, amma idan ba ta ɗaga ƙafa ba babu mai ɗagawa, kuma makiyayin da ya mallaki kunnen wannan saniya ya mallaki garken gaba ɗaya. A gefen wannan shafi ya ja layi biyu da jar tawada.

Aure da zuriya

Ya auri Bara'atu, 'yar wani manomi a Wurno, a shekarar 1982, kuma ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa. Allah Ya ba su 'ya'ya bakwai, biyu suka rasu suna ƙanana. Babbansu Musbahu, wanda aka haifa a 1985, shi ya tsaya tare da mahaifinsa a kiwo. Mai bi masa, Nasiha, an haife ta a 1989, ta karanci kimiyyar dabbobi a jami'a, ta zama malamar sakandare a Birnin Kudu. Malam Yunusa mutum ne mai sauƙin kai a gida, ba ya duka, ba ya tsawa, amma yana da doka ɗaya wadda ba ta da sassauci: ba a yin fito a gidansa. Dalilin da yake bayarwa shi ne wanda kowa ya sani, cewa fito yana kiran shaiɗanu. 'Ya'yansa sun tashi babu wanda ya iya ko haɗa leɓe ya fitar da sauti, alhali sun san ubansu da fito yake rayuwa.

Komawa kiwo

A 1988 ya ajiye aiki, ya sayi karsana goma sha ɗaya, ya kafa ruga a ƙasar Wurno, tsakanin wata fadama da wani kurmi mai duhu da ƙaramin rafi ya ratsa. A cikin wannan kurmi ya ƙirƙiro fitonsa mai gaɓa bakwai. Kowace safiya yakan shiga da shanun can ciki, shi kaɗai, da kanwa a jaka, ya yi fiton a hankali sannan ya ba su. Gaɓa biyar na farko suna tara su wuri guda, biyun ƙarshe kuwa suna nufin a tashi a bi shi. Haka kuma ya hore su da ƙin baƙo, ta yadda duk wanda ya kora su da sanda sai su cure wuri ɗaya su kafa ƙaho. Bayan 'yan shekaru ma ba shi ke koyarwar ba, iyaye ne ke koya wa 'ya'yansu, domin maraƙin da ya ga uwarsa ta juya ga wani sauti shi ma zai juya.

Shanun sun yarda Bara'atu ta tatse su, sun yarda Musbahu ya kai su fadama ya dawo da su, amma iyakarsu ke nan. Akwai wani dutse a yamma da rugar wanda burtali ya bi ta gefensa, kuma babu mai tsallakar da su wannan dutse sai mai fiton. Duk rani, idan rafin kurmi ya ƙafe, Malam Yunusa kan tura iyalinsa gaba da yini guda, sannan shi ya taso da garken zuwa babban kogi a ƙasar Gwaram, tafiyar kwana uku. Abin da 'ya'yansa suka taɓa ji na fiton bai wuce guntayen da iska ta kawo musu daga nesa ba.

Dabarar ta yi aiki, wannan kam ba a musu. A 2014 da kuma 2016 ɓarayi ɗauke da makamai sun auka wa rugar, kuma a duka biyun sun bar shanun a gindin dutsen nan bayan sun gaji da duka, suka gudu da awaki kawai. Sunansa ya zagaya rugage, wasu suna cewa asiri ne, wasu suna cewa yana da iskoki a kurmi, shi kuwa bai ƙaryata kowa ba, domin tsoron da ake ji wani shinge ne na kyauta. Zuwa 2020 garken ya kai saniya ɗari da talatin.

Bara'atu ce kaɗai ke yi masa maganar gaba gaɗi. Musbahu ya ruwaito cewa ya sha jin ta tana cewa, "Malam, ranar da bakin nan naka ya gaza, shanun nan na wa za su zama? Ka koya wa yaron nan mana, ya fa haifi 'ya'ya uku." Shi kuma amsarsa ɗaya ce kullum: "Ba yanzu ba, Bara'atu. Idan na ji jikina ya fara ba ni labari, a yini ɗaya zan koya masa." Abin takaici ne a ce mutumin da ya yi shekaru yana kallon yadda cuta ke kayar da bijimi tsakanin safe da yamma ya ɗauka cewa shi za ta yi masa sallama tukuna.

Jinya

Ranar Talata, 12 ga Oktoba 2021, bayan sallar la'asar, ya faɗi a ƙofar bukkarsa. An kai shi asibiti a Birnin Kudu, aka tabbatar da shanyewar ɓarin jiki na dama. Bakinsa ya karkace, maganarsa ta ɗauke, hannun da yake rubutu da shi ya mutu, amma hankalinsa yana nan garau. Bayan sallama aka ajiye shi a gidan Nasiha cikin gari domin kusa da magani. A ranar farko da ya ga Musbahu ya yafito shi da hannun hagu, ya jawo kunnensa kusa da bakinsa, ya yi ta ƙoƙarin haɗa leɓe. Iska da yawu kawai suka fito. Ya maimaita wannan kowace rana har tsawon wata guda.

A ruga kuwa rani yana matsowa. Musbahu ya gwada sa rigar mahaifinsa da malfarsa ya shiga gaban garken, sai uwar garken, wata tsohuwar saniya mai suna Wule, ta sunsune shi sau ɗaya ta juya masa baya. An gayyato makiyaya goma sha biyu da sanduna, shanun suka cure a gindin dutse suka karya wa mutum ɗaya haƙarƙari. An kawo mota, ba a iya loda ko guda uku ba. Kowa ya san rafin kurmi ba ya wuce watan Fabrairu, kuma wannan garke shi ne abincin gidaje uku.

Fito a kurmi

A tsakiyar Nuwamba wasu mata masu itace suka fito daga kurmi a guje, suka bar gatari da igiya. Sun ce sun ji fito daga cikin duhun bishiyoyi da hantsi, siriri mai tsabta, sai shanun da ke fadama suka ɗaga kai gaba ɗaya, suka taso suka kewaye wata tsamiya, suka tsaya shiru suna fuskantarta. Babu kowa a gindin tsamiyar. A daidai wannan sa'a Malam Yunusa yana kwance a Birnin Kudu ana ba shi kunu da cokali. Abin ya maimaitu washegari, da wanshekaren washegari, har Musbahu ya gani da idonsa, ya ce shanun kan yi kusan sa'a guda a tsaye ba sa ko kaɗa wutsiya kafin su watse. Mutane suka daina shiga kurmin. Wasu suka ce kurwar Malam ce ke fita da rana, wasu suka ce iskokinsa ne ke neman wanda zai gaje su, kuma an yi saukar Alƙur'ani a rugar har sau biyu.

Nasiha ce ta ɗauki hutu ta zo ta zauna a kurmin, lulluɓe da koren mayafi, safiya tara a jere. Ta faɗa daga baya cewa a safiyar farko da ta ji sautin a saman kanta ta ɗauka mahaifinta ne, domin har ɗan jan numfashin da yake yi idan zai yi magana yana ciki. A safiya ta tara ta ga mai yin sa. Wani ɗan tsuntsu ne da bai kai kurciya ba, mai farin kai da jan ciki, irin waɗanda ke zama a sarƙaƙiyar bakin rafi suna kwaikwayon kukan wasu tsuntsaye. Ta ƙirga huɗu masu yin fiton a wurare daban-daban. Tun da irin wannan tsuntsu ba ya wuce 'yan shekaru a duniya, ta fahimci cewa shekara talatin da uku suna ɗauka daga bakin mahaifinta, ƙanana kuma suna ɗauka daga manya, sai dai a da fitonsa da kasancewarsa a wurin sun rufe nasu.

Ta ɗauki sautin a waya ta kai masa. Da ya ji, idonsa ya tsaya a kan wayar, ya yi ta yunƙurin tashi, har Bara'atu ta ce a kashe. Ya hana da hannu. Aka sake kunnawa, yana lanƙwasa yatsun hagu ɗaya bayan ɗaya har biyar, sannan ya buɗe hannun ya ɗaga yatsu biyu, ya girgiza kai. Tsuntsayen sun ɗauki gaɓoɓin tarawa na kowace safiya, amma biyun ƙarshe, na tafiya, waɗanda ba a cika yin su ba sai lokacin ƙaura, ba su riƙe su ba. Abin da shanun ke yi a gindin tsamiya jiran ƙarashen kiran ne.

Musbahu, yana da shekara talatin da shida, ya zauna ya koyi fito daga farko kamar yaro, ya haddace gaɓa biyar daga waya. Daga nan ya yi makonni a bakin gadon mahaifinsa yana gwada na shida, Malam yana ɗaga yatsa sama ko ƙasa. Ba su taɓa dacewa ba. Zuwa ƙarshen Janairu 2022 rafin ya koma taɓo, maruƙa goma sha bakwai da shanu tara suka mutu.

Tafiyar ƙarshe

A tsakiyar Fabrairu Malam Yunusa ya ƙi cin abinci, yana ta nuna ƙofa, har aka gane ruga yake so a kai shi. Likita ya ce jikinsa ba zai ɗauki ko girgizar mota ba, aka faɗa masa, ya ci gaba da nuna ƙofa. Ranar Talata, 22 ga Fabrairu, aka kwantar da shi a amalanken wani maƙwabci, aka jingina shi da buhunan dusa yadda zai zauna, aka shiga da shi kurmi. Musbahu ya yi gaɓa biyar, shanun suka taru. Wule ta matso ta sa hancinta a tafin hannunsa na hagu, ta daɗe a haka. Sai Malam ya buga gefen amalanken sau biyu ya nuna yamma. Da amalanken ya motsa Wule ta bi shi, sauran suka bi ta, kuma da azahar garken ya wuce dutsen nan ba tare da an ɗaga sanda ba.

Nasiha ta roƙi a sauke shi a nan a mayar da shi gida. Aka gwada, amma da aka juya amalanken shanun ma suka juya. Malam ya dubi 'yarsa, ya sake nuna yamma. Bara'atu ta hau ta zauna a gefensa da laima da butar ruwa, Musbahu ya riƙe igiyar bijiman da ke ja.

Rasuwa da jana'iza

Allah Ya yi wa Malam Yunusa Manu rasuwa ranar Alhamis, 24 ga Fabrairu 2022, daidai da 23 ga Rajab 1443, da hantsi, a kan burtali cikin ƙasar Gwaram, yana da shekara sittin da biyar. Musbahu ya ce bai ji komai daga amalanken ba, sai dai Wule ta yi wani kuka mai zurfi sau ɗaya, garken ya tsaya cak. Da ya waiga sai ya ga mahaifiyarsa ta riga ta shafe idanun Malam, tana riƙe da kafaɗarsa kada ya zame. Saura tafiyar sa'a huɗu a kai kogi, shanun sun yi yini biyu a kan ɗan ruwan da aka samu a hanya, kuma akwai ƙauye a kusa inda za a iya yi masa sutura nan take. Ya tambaye ta, "Inna, mu sauka a nan?" Ta ce, "Ja mu tafi, Musbahu. Ba don a tsaya a hanya ya hau ba. Alhakin jinkirin a wuyana."

Ta gyara masa zama, ta sauko da hannunsa na hagu ta gefen amalanken yadda yake tun ranar Talata. Wule ta sake sunsunar hannun, ta yi jim, sannan ta taka. Haka aka yi sa'o'in nan huɗu, gawa a zaune a gaba, saniya ɗari da huɗu a baya, babu mai kuka a cikinsu, kuma manoman da suka gaishe da Malam daga gonakinsu Bara'atu ce ta amsa musu. Sun isa kogin kafin la'asar. Sai da shanun suka sa baki a ruwa sannan aka kwantar da shi.

An yi masa wanka da sutura a ƙauyen da ke bakin kogin, limamin garin ya sallace shi tare da jama'ar da yawancinsu ba su taɓa saninsa ba, aka binne shi a maƙabartarsu kafin magariba. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa.

Ya rasu ya bar matarsa Bara'atu da 'ya'ya biyar: Musbahu, Nasiha, Khuzaima, Iliyasu da Zahara'u, da jikoki goma sha ɗaya. Da damina ta sauka Musbahu ya yi fito, garken ya taru, ya tsaya yana jira, bai bi shi ba. Saboda haka iyalin suka kwashe bukkokinsu daga Wurno suka dawo bakin kogin, tazarar kira ɗaya daga maƙabartar, kuma a nan suke zaune har zuwa rubuta wannan tarihi.